Tayar da Ta Fashe a Ƙofar Gidanmu

Mahaifina mutum ne mai wuyar sha'ani, Allah ya jiƙansa. Kaf Kademi an san shi da wa'azin natsuwa, ko kaza ta gifta da sauri sai ya yi tsaki. Da kawunnan wani tela daga Gaya suka zo neman aurena, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi a turo yaron ya gan shi, don shi ba ya bai wa mai rawar kai 'yarsa. Ni kuwa ina son telan nan kamar in mutu, sai dai ba bakin faɗa.

Da bazara ne. Mutumin nawa ya tashi da sanyin safiya ya wanke kekensa, ya kama famfo ya dinga ɗura wa taya iska har ta yi tauri kamar dutse. Samarin lokacin gani suke taya mai laushi abin kunya ce a ƙofar surukai. Abin da bai lissafa ba, iska ba ta son zafi. Da sanyi takan takure, rana na dukanta sai ta kumbura ta nemi ƙarin wuri, shi kuwa bai bar mata ko na sa tsinke ba.

Akwai durumi a ƙofar gidanmu, amma nan ne mazaunin Baba, kuma mai neman aure ba ya raɓar inuwar suruki. Saboda haka ya jingine keken can jikin katanga, a tsakiyar rana, ya tuɓe takalmi ya shiga zaure ya durƙusa.

Baba ya shanya shi da gangan. Sai da rana ta take sannan ya fito da ƙwaryar fura, ya zauna, ya fara. Ni ina laɓe bayan ƙofar cikin gida ina saurare.

"Yaro, namiji natsuwa ce. Ko sama za ta faɗo, kada a ga ka motsa."

"Haka ne, Baba."

"Mu da ka gan mu nan, ba abin da ke razana mu."

Bai rufe baki ba sai ji muka yi daram! Jakinmu ya tsinke igiya. Baba ya zabura da salati, ƙwarya ta kife masa a cinya, ya yi cikin gida a guje ba hula, saura kaɗan ya bangaje ni. Telan kuwa ko gezau, yana nan durƙushe kansa a sunkuye. Ba jarumta ba ce, ya san muryar tayarsa, kuma tunanin turin keke har Gaya ne ya kashe masa jiki.

Ni da Inna muka shige ɗaki muka toshe baki da zani. Amma dariyata ba ta yi nisa ba, tsoro ya kama ni. Na san Baba, ba ya yafe wa wanda ya ga kasawarsa.

Ya sake riga, ya daɗe tsaye a tsakar gida yana shafa gemu. Can ya dubi Inna.

"Yaron nan ya ga abin da ya gani. In ya koma Gaya a baƙo, gobe kasuwa ta ɗauka. Gara ya zama ɗan gida."

Haka aka ba shi ni. Shekara da shekaru yana zuwa gaishe da Baba, bai taɓa ko murmushi a kan zancen ba, ko a ɗaki ni da shi. In na taso da maganar sai ya ce shi kansa a ƙasa yake, bai ga komai ba. Ranar da Baba ya rasu, shi ya fi 'ya'yan cikinsa kuka.