Ranar da Bappa Safiyanu Ya Wuce Kiyako Bai Tsaya Ba

A tashar Birnin Kudu, idan baƙo ya nemi motar Gwaram, 'yan kamasho sukan fara tambayarsa ko sauri yake yi. In ya ce e, su nuna masa ta gaba. In ya ce a'a, su nuna masa koriyar bas ɗin Bappa Safiyanu.

Motar lafiyarta ƙalau. Mai ita ne Allah ya yi wa dangi. Kakansa ya yi kiwo a hanyar nan tun kafin a zuba mata kwalta, kuma duk inda ya yi damina sai ya bar iri. Safiyanu ya taso ya tarar da goggo a Kiyako, kawu a Sara, 'yan'uwa a kusan kowane ƙauye mai masallaci. Shi kuwa bai iya ganin ƙofar ɗan'uwa ya wuce ba. Sai ya kashe mota, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna, ya tambayi gida, ya tambayi shanu, ya tambayi gwiwar da ta yi ciwo bara. Fasinjojinsa sun saba. Wasu har sun san sunan shanun.

Wata bazara aka sa bikin Khairiyya, ƙanwar matarsa Rahamatu, a wata ruga can gaba da Basirka, inda wutar lantarki ba ta kai ba. Rahamatu ta yi alkawarin zoɓo mai sanyi a walima. Mahaifiyarta Inna A'i ta ce ta ji, amma in Safiyanu ne zai kawo ƙanƙarar, a haɗo da ganyen shayi kawai, don ruwan zafi zai iso da shi. Maganar ta dawo kunnensa. Ranar bai ci tuwo da yawa ba.

Da safe aka loda ƙanƙara cikin buhuna, an lulluɓe ta da dusar katako. Rahamatu ta shiga gaba ta rufe ƙofa.

"Baban Ikilima, yau ko wanda ya haife ka ka gani, ɗaga masa hannu kawai."

"Goggo Hapsatu tana bakin titi da mangwaronta. In ta gan ni fa?"

"To kar ta gan ka."

Ya juya zancen a ransa. Can ya ɗauko rawanin da yake zuwa Idi da shi, ya naɗa har kan hanci, ya ƙara da baƙin tabarau. A lissafinsa, in ba shi ne ya wuce ba, ba wanda aka yi wa laifi.

Suka bar gari, duwatsu suka fara zuwa suna wucewa, wasu a ɗore kan wasu kamar da hannu aka jera su. Ɗorawa ta zubo 'ya'ya. Fadamu na nan kore shar a tsakiyar ƙasar da ta bushe, ga rairayin kogi fari fat, mata na tonon ruwa a cikinsa. Shekara da shekaru yana bin hanyar, bai taɓa sanin tana da kyau haka ba, don bai taɓa ganin ta a haɗe ba.

A Kiyako ya hango Goggo Hapsatu ta miƙe tana gyara mayafi. Ƙafarsa da kanta ta nufi birki. Rahamatu ta yi gyaran murya. Ya taka mai, yana istigfari cikin rawani. Haka ya wuce Sara, Kawu Ishiyaku na zaune a inuwar da ya saba. A madubi ya ga kawun ya tashi tsaye da waya a kunne.

Suna dab da Gwaram suka tarar an gindaya amalanke a titi, ga mutane riƙe da gora. Kafin ya buɗe baki an fito da shi ta wuyan riga. Babura suka iso daga baya, Kawu Ishiyaku a kan na farko, hularsa a hannu.

"Ku riƙe shi! Motar ɗana ce! Ya sato ta har da matar!"

"Kawu, shi ne fa," in ji Rahamatu.

"Ke yi shiru, tsoro ne ke sa ki. Safiyanu zai wuce ni?"

Aka warware rawani. Kawu ya daɗe yana kallon fuskar da ta fito.

"Au. Kai ne."

"Ni ne, Kawu. Ina kwana?"

"Ina ma ɓarawon ne. Shi ai ba mu haɗa kaka ba."

Safiyanu ya tuɓe takalmi a kan kwalta mai zafi ya tsuguna. Duk wanda ya biyo shi ɗan'uwa ne, kowa kuma na jiran tasa gaisuwar da ban haƙuri a kai. Yana cikin yi yana jin ɗigar ruwa daga bayan mota, ɗis, ɗis. Wani akuya ya zo ya sa baki.

Rahamatu ta dubi ruwan, ta dubi layin dangi, ta dubi baburan.

"Tunda kun iya gudu haka, ku zo ku yi mai amfani."

Aka ɗaure buhunan a babura, ta haye na gaba, suka tafi. Shi aka bar shi a gindin bishiyar maina, ana miƙa masa waya, Goggo Hapsatu na kuka a ciki.

Rana ta yi sanyi sosai kafin koriyar bas ta shiga rugar. An watse, yara na tsintar leda. Ya sami Inna A'i a ƙofar ɗaki ya durƙusa.

"Sannu da hanya. An ce an sace ka."

"An dawo da ni, Inna."

"Mutane sun sha zoɓo har haƙoransu na amsawa," in ji ta. Ta jawo wata ƙwarya daga ƙarƙashin gado, ta buɗe faifan. Wani guntun ƙanƙara kamar ƙwayar dabino na yawo a saman zoɓon. "Ungo, yi maza. Gaisuwar ta jira."