Kawu Bature da Shibrar Gonarsa

A bakin Innarmu na fara jin sunansa. Duk ranar da muka tsince shinkafa muka bar tsakuwa, sai ta ce, "Da Bature ne, ko ɗaya ba za ta wuce ba." Yayanta ne, manomi a Yako, gajere mai saurin tafiya, wanda ko tuwo a tsugune yake ci kamar ana jiransa a waje.

Abin da aka san shi da shi ido ne. Gonar gero ba ta rabuwa da shibra, wannan mai kama da gero da ke kakkaɓe tsabarta a ƙasa tun kafin girbi. Shuka ba ta kai gwiwa ba Bature ya gane ta: ganyenta siriri, ga gashi-gashi a jiki. Lokacin noman firi, wato noman farko, har maƙwabta ke kiransa ya duba musu. Irin da yake shukawa na mahaifinsa ne, kuma ya ɗaukar wa kansa alkawarin ba zai lalace a hannunsa ba.

Wajen 1986 abu ya fara canzawa. Ya bi kunya-kunya ya tuge duk shibrar da ya gani, amma da gero ya fid da kai, sai ga ta tsaye a tsakiyar gona. Kowace damina wadda yake samu ya tuge tana raguwa, wadda ke bayyana da kaka tana ƙaruwa. Bature ya rasa sukuni. Ya je gona, ya dawo, ya jingine fartanya, ya sake ɗauka.

"Malam, gonar nan ba guduwa za ta yi ba," in ji matarsa Luba. "Sha kunun mana."

"Ajiye, ina zuwa."

Inuwa, abokin wasansa, ya tare shi a hanya. "Mai ido, ashe idon ya tsufa? In yanko maka sanda?"

"Yanko wa kanka, kai da ba ka bambance gero da gamba."

Amma maganar ta tsaya masa a rai. Ya shiga mota zuwa Bebeji aka duba idon, aka ce lafiya ƙalau. Ya dawo ya fi da damuwa, don da idon ne da ya san abin da zai nemi maganinsa.

Daminar 1991 ya ware kunya goma ya ƙi tuge komai. Duk wadda ya zarga sai ya ɗaura mata tsumma, ya jira kai ya fito. Masu tsumman shibra ne, babu shakka. Sai dai ga wasu sun fi su yawa, ganye faffaɗa sumul, bai ɗaura musu komai ba, su ma shibra. Ya kai gefen gona ya komo ya fi sau nawa kafin ya nufi gida.

"Luba, aikina ne wannan. Shekara talatin ina kashe wadda ba ta iya kama da gero ba. Wadda ta ruɗe ni ita ke tsira ta zubar da 'ya'ya, 'ya'yan su ɗauko kamarta. Da hannuna na tace su."

"Ikon Allah! To yanzu sai yaya?"

Daga nan ya koma jiran kai. Kullum yana cikin gona da wuƙa, yana yanke zangarniyar shibra tun tana ɗanya. Ta ragu, amma ba ta ƙare ba, don ƙasar ta riga ta cika da tsabarta.

Ana saura kwana biyu a kai ni gidan miji a Doguwa, a 1994, ya shigo gidanmu da zangarniyar gero bakwai ɗaure da kaba. An shimfiɗa masa tabarma bai zauna ba.

"Suwaiba, waɗannan ne na fi yarda da su. Ki ce wa mijinki ya ba ki kunya biyar inda ba a taɓa shuka gero ba. Ki shuka, kada ki haɗa da na kowa. In ya fito tsab, ki aiko mini da dami ɗaya."