Duron Kaka da Ya Ƙi Ƙarewa

Shekarar da Baba ya gama ginin gidanmu a bakin garin Kafanchan, wajen ƙarshen shekarun tamanin, abin da ya fi alfahari da shi shi ne famfo. Ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya daɗe a gidan haya yana layin ruwa, don haka duk baƙon da ya zo, kafin a ba shi kujera sai an kai shi tsakar gida ya ga yadda ake murɗawa. Daga wata rijiyar burtsatse aka jawo wa unguwar ruwan, garau kamar hawaye.

Saboda famfon nan ne ma ya je ƙauye ya ɗauko mahaifiyarsa. Ya ce Kaka ta gama hawan tudu da tulu a ka. Ni da ƙanena Bulus murnarmu daban ce: mun samu mai tatsuniya.

Kwana kaɗan da zuwanta rigima ta tashi. Kaka ta zauna wanki, ta goga sabulu, ta sake gogawa, kumfa ta ƙi tashi, sai wata farar dauɗa da ke yawo a saman ruwan. Ta ɗora wake tun hantsi, har rana ta karkata yana nan kamar tsakuwa, sai da Mama, mahaifiyarmu, ta jefa masa kanwa. Butar shayinmu kuma ta fara yin wani farin ɓawo a ciki, kamar an shafa alli.

"Danjuma," ta ce wa Baba, "ruwan garinku bai karɓe ni ba. Inda ruwa bai karɓi mutum ba, ba a zama."

"Haba Mama, ruwan gwamnati ne fa, an gwada shi."

"To gwamnati ya sha."

Allah ya taimaka damina ce. Baba ya kafa babban duro ƙarƙashin indararo, ruwan sama ya cika shi. Da shi Kaka take sha, da shi take wanka da dafa gwaten acca, kuma sabulu ya riƙa kumfa har gwiwar hannu. Sai ta yanke hukunci a gabanmu duka: ranar da duron ya ƙare, za ta koma gida. Da ruwan sama ya ɗauke, ni da Bulus muka mai da leƙen duro aikinmu na kowace safiya.

Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, duron ya sauka zuwa rabi, sai ya tsaya. Kaka tana ɗiba kullum, shi kuwa yana nan a rabi. Bulus ya ce irin man gwauruwar nan ne da ya ƙi ƙarewa, wanda aka koya mana a makarantar Lahadi.

A cikin kwanakin nan ne, wata yamma bayan tuwo, muna kewaye da murhu, Baba na gefe yana fama da rediyonsa, Kaka ta gyara zama. Ba ta iya buɗe tatsuniya yadda Hausawa ke yi ba, kullum sai ta ce, "Ga shi nan, ga shi nanku." Mu kuma mu ce ya zo mu ji.

Wai akwai wani mutum da ya gaji da ganin uwarsa tana zuwa rafi. Sai ya je ya durƙusa ya roƙi Rafi ya biyo shi gida. Rafi ya ce, "Ni ba na tafiya a sarari, kunya nake ji. Sai dai in bi ta ƙarƙashin duwatsu." Mutumin ya yarda. Rafi ya nutse, ya yi ta kutsawa cikin duhu, kowane dutse ya wuce sai dutsen ya ce masa, "Ba ka wucewa sai ka ɗauki ɗana." Da ya ɓullo a tsakar gidan mutumin, fuskarsa tana nan fes, amma cikinsa fal 'ya'yan duwatsu da ido ba ya gani. Tsohuwa ta sa hannu ta ce, "Wannan ba rafina ba ne." Sai ɗan ya ɗebi ruwan ya zuba a tsohon tulunta da asuba, ya ce daga rafi ya kawo.

Nan Kaka ta tsaya, ta shiga tura icce a wuta.

"Sai me, Kaka?"

"Sai ta sha."

"Ta gane?"

"Wanda ya haifi mutum ba zai gane ba?"

"To wa ke da laifi? Rafi ko yaron?"

"Ku tambayi babanku," in ji ta. "Shi ya yi makaranta."

Baba ya ƙara ƙarar rediyo, ko da yake ba abin da ke fita sai shuu. Na kwanta a ruɗe, raina a ɓace. Tatsuniyoyin Kaka kullum akwai wanda ake hukuntawa a ƙarshe, wannan kuwa ba mugu, ba sakayya. Har na yi kwanaki ina danna cikina ina neman 'ya'yan duwatsu.

Bayan Kirsimeti Kaka ta ɗaure kayanta. Na ruga na leƙa duron, yana nan a rabi. Na yi kuka ina cewa ta karya alkawari, ruwa bai ƙare ba. Ta shafa kaina ta ce, "Laraba, ya daɗe da ƙarewa."

Sai da na shiga kwalejin ilimi ta garin Gidan Waya aka koya mana cewa ruwan da ya ratsa duwatsu yakan kwaso sinadaransu, shi ya sa yake cin sabulu, yake bar wa buta ɓawo, kuma ba ya kisa. Na dawo gida da ilimina ina hura hanci, na ce wa Mama ashe a banza Kaka ta tafi. Lokacin Kaka ta riga ta rasu.

Mama ta dube ni. Ta ce Baba ne ke tashi da asuba yana ƙara ruwan famfo a duron. Ta ce tun safiyar farko Kaka ta goga sabulu ta gane, ta kira ita Mama gefe ta ce kada a gaya wa Danjuma. Daga ranar da duron ya tsaya a rabi har Kirsimeti tana shan ruwan da ta rantse ba za ta sha ba, tana jefa kanwa a wake a ɓoye, don kada ɗanta ya san an kama shi.

Yanzu a Sabon Tasha nake da zama, ruwan famfonmu ma haka yake. Duk lokacin da na zauna kankare butata da cokali, tambayar nan takan dawo mini: wa ke da laifi? Na kusa kai shekarun Baba na wancan lokacin, har yau ban samu amsa ba. Abin da na sani kawai shi ne yadda Kaka ta ƙare labarin, a gaban ɗanta, ba ta ko kalle shi ba. Sai ta sha.