Nas Ɗin Da Ba A Kiran Sunanta

Ke Nana Aisha, za ki iya shekara uku ƙarƙashin mutum bai taɓa kiran sunanki ba?

To, Rabi'atu ta yi. 'Yar Rawayau ce, nas a asibiti nan Dutsin-Ma, siririya, mai sanyin hannu. Ita ta riƙa wanke man gyambon ƙafar nan lokacin da aka kwantar da ni.

Babbarsu, Hajiya Kyauta, mace ce mai faɗa, amma kowa da sunanta take kira, ko yabo ko tsawa. In an zo kan Rabi'atu sai ta kau da kai: "Ke, yarinyar nan, je ki duba gado na huɗu." Abokan aikinta har sun maida shi abin tsokana: "Yarinyar nan, an tashi lafiya?" Ta yi dariya, amma abin yana cin ta. Ita a ganinta shugaba ko zagi ne ya haɗa da sunanka, ka san ya san da kai. Ƙarshe ta rubuta takardar neman canjin wurin aiki, ta sa a aljihu.

Ranar tana naɗa man bandeji na ga hawaye. Na ce, "Ɗiyata, lafiya?"

Ta ce, "Iya, tafiya zan yi. Hajiya ta tsane ni, ko sunana ba ta iya faɗa."

Ni kuwa a Kurfi na yi aure, katanga ɗaya da gidan su Kyauta. Na ce, "Wa ya taɓa jin uwa ta kira sunan 'yar fari? Ta farinta ma Rabi'atu ne sunanta. Ƙyanda ta ɗauke ta tana shekara huɗu. Da ni aka yi mata wanka."

Ta zauna bakin gadon, almakashi a hannu.

Takardar nan ba ta kai ofis ba. Ta zauna har Hajiya ta yi ritaya. Ita Rabi'atun, bara Allah Ya karɓi abinsa wajen haihuwa, Allah Ya jiƙan ta.

Rabona da ita ranar da aka sallame ni. Ta rako ni bakin ƙofa, sai muka ji daga ciki: "Ina yarinyar nan?"

Ta saki hannuna ta ce, "Iya, sauka lafiya. Bari in je, uwata na kira."