Ƙwarin da Na Gani a Randarmu

Ranar Asabar ɗin da soja suka miƙa mulki a 1999, mazan gidanmu na Gobarau suna zaure sun kewaye rediyo, sai Kawu Sada, ƙanin mahaifiyata mai gyaran agogo a Ƙofar Marusa, ya shigo tsakar gida rungume da wani akwatin katako. Gwanjon tsofaffin kayan wata makaranta aka yi, kowa ya ruga kan kujeru da fanka, shi kuwa ya ɗauko madubin likita, irin wanda ake duba jini da shi a asibiti. Haka yake tun asali. Ɗakinsa cike yake da mayen ƙarfe da hotunan dabbobin da ya yanko daga tsofaffin mujallu.

Ya kankaro ɗan gansakuka daga gindin randar shanmu, ya ɗiga a gilashi, ya daidaita abin ya kamo hasken rana, ya ce mu leƙa. Shekarata goma. Na ga wasu halittu masu gashi suna iyo, ɗaya kamar silifa, ɗaya yana ta juyi. Sauran yara suka yi dariya suka koma carafkensu, ni kuwa na kasa. Ni ce mai wanke randar nan duk Juma'a, ni ce mai cika ta daga rijiya. Ke nan ni nake shayar da gida ƙwari, kuma da ruwan ake alwala. Idan sallar kowa ba ta yi ba, laifin wa? Daga ranar na daina shan ruwa, ga bazara ta tsananta. Koko da mangwaro kawai nake sha, ban kuma gaya wa kowa ba. Ran Litinin muna sharar filin makaranta, na yanke jiki na faɗi ƙarƙashin bishiyar bedi.

A gida kakata Hajiya ta zaunar da ni a tabarmarta ta ce, "Ke Murja, mi ya haɗa ki da ruwa?" Na faɗa mata ina kuka. Ba ta yi dariya ba, kuma har yau ina gode mata. Ta ce ruwan da bai sake launi ko wari ko ɗanɗano ba mai tsarki ne. "Abin da sai da gilashin Sada ake ganinshi, ba a tambayarki shi, ɗiyata." Sannan ta aika aka kira shi. "Kai ka kawo mana wannan fitina, kai za ka fid da ita."

Kawu bai koma shago ba ranar. Muka kankare randar tas, ya tafasa ruwa, ya tace da farin ƙyalle, ya bari ya huce, ya ɗiga a gilashi. "Bismilla, Malama mai bincike, duba ko wani ya laɓe." Na daɗe ina dubawa, bai gaji ba. Ban ga komai ba. Ya fara sha, ya miƙo mini moɗa, na sha uku a jere. Daga nan ya damƙa mini ajiyar akwatin, muka riƙa duba fiffiken ƙuda da ɓawon albasa da gishiri.

Ban wuce firamare ba, amma yanzu waya tana kawo mini abin da Kawu yake nema a mujallu: kifi mai tafiya a taɓo, da wani ƙwaro mai ƙafa takwas da ke zaune cikin gansakuka. Har masu sayar da tsofaffin madubai irin na Kawu nakan gani, in yi ta kallon hotunan, in fasa saya don tsoron a cuce ni. Duk sanda na ci karo da wata baƙuwar halitta, shi nake so in nuna wa, ga shi ya rasu. Akwatin yana wurina, gilashin ya dushe. Har yau sau biyu nake tace ruwa. Amma ina sha, kuma ban taɓa ɗaga moɗa ban yi masa addu'a ba.