Maki Huɗu na Halidu

Halidu ɗan unguwar Kalley ne a Yamai, amma iyayensa daga Tawa suka zo. Tun yana lakkwal, wato makarantar boko, ya kama ƙwallon kwando, basket kamar yadda ake cewa a Yamai, kuma shekara tara ya yi yana buga wa ƙungiyar samariyar unguwa. Aikinsa a fili ba jefawa ba ne. Shi ke ɗauko ƙwallo daga baya, ya miƙa wa wanda ya fi kusa da kwando, yawanci abokinsa Harouna. Sau da yawa ko kallon inda yake turawa ba ya yi.

A 1984 ruwa ya ƙi sauka. Dabbobi suka mutu, dangi suka riƙa isowa daga Tawa, har tsakar gidansa ta ɗauki mutum goma sha ɗaya. Shi kuwa sauke albasa yake yi a kasuwar Petit Marché, albasar ma ta yi wuya.

Sai aka ji wani kamfanin gwamnati zai kafa ƙungiyar basket. Wanda aka ɗauka ya sami aiki ke nan, da buhun shinkafa duk wata. Mutum biyu ake so daga Kalley, za a zaɓe su a wasansu da unguwar Saga, kuma wani kaftin na soja ne mai zaɓen.

Da safen ranar matarsa Aïchatou tana tankaɗen jar dawar agaji, ta ce, "Maigida, yau dai ka jefa da kanka. A bar wannan kyautar taka."

"Ba kyauta ba ce. Wasan haka yake."

"To wasan ya zo ya ciyar da gwaggonka."

An yi rabin wasa, Kalley na gaba, Halidu bai ci ko ɗaya ba. Harouna ya ja shi gefe yana haki.

"Kai, kaftin bai zo ba. Takarda za a kai mishi."

"Wace takarda?"

"Ta teburin masu ƙidayar maki mana! Sunan mutum da makinsa, shi ke nan. Ka taɓa ganin inda ake rubuta wanda ya miƙa?"

Halidu ya koma fili da niyyar jefawa. Ya jefa biyar, biyu suka shiga. A ɗan wannan lokacin ƴan Saga suka kamo su, don sauran ƴan Kalley sun tsaya tsaye suna jiran ƙwallon da ba ta zuwa. Sai hannunsa ya koma halinsa. Buba, wani dogo mai zubar da rabin abin da aka ba shi, yana ƙarƙashin kwando shi kaɗai. Ƙwallo ta same shi. Ta sake samunsa. Harouna ya ga abin da ke faruwa, ya mayar wa Halidu ƙwallo da gangan yana ihu, "Jefa mana, ɗan banza!" Bai rufe baki ba ta dawo hannunsa, kuma babu kowa tsakaninsa da kwando. Dole ya zura.

Kalley ta ci da bambancin bakwai. Takarda ta ce Harouna ashirin da shida, Buba goma sha bakwai, Halidu huɗu. Harouna da Buba aka ɗauka.

An daɗe ana gardamar a wurin shayi. Wasu su ce ba a taɓa yin kamar Harouna a Kalley ba, wasu su ce a cire Halidu a gani. Harouna da kansa yakan ce, "Ni nake zurawa, amma tuwon a dafe yake zuwa mini." Idan an matsa wa Halidu sai ya ce, "Takarda ba ta yi ƙarya ba, huɗu na ci," ya ajiye kofinsa.

Harouna ya riƙa kawo musu kwano uku na shinkafa duk wata. Nasa gidan ma cike yake da baƙi, bai iya fin haka ba. Kwano uku kuwa ba ya riƙe mutum goma sha ɗaya.

Bayan wata biyu gwaggon Halidu ta ɗaure kayanta, ta ce za ta koma bayan gari da jikokinta huɗu, inda ake rabon dawa ga waɗanda suka yi gudun fari. Ya ɗaukar mata tabarma da tukunya har can.

"Ka koma, ɗana," in ji ta. "An ce ka yi wasa mai kyau."

"Haka suka ce, Gwaggo."

Ya tsaya har aka rubuta sunanta, sannan ya juyo a ƙafa, don motar albasa na isowa da la'asar.