Mazaunina a Bayan Koren Labule

Tun ina yaro ba na iya zama cak. Ƙafata ta dama da kanta take kaɗawa, kuma da mutum ya gifta ta bayana sai duk abin da ke kaina ya watse. A gonarmu ta Zinyau wannan bai dami kowa ba. Sai da na sami aikin buga tafireta a wani ofis a Rano, farkon dawowar mulkin farar hula, sannan abin ya zama magana.

Teburina a tsakiyar ɗaki yake, ƙarƙashin wata fanka mai kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ni da wani dattijo muke aiki a kansa. Da ƙafata ta fara, sai shayinsa ya kama rawa a kofi. Ya yi ta haƙuri, har ranar da shayin ya kife a farar rigarsa ta Juma'a, ya kai ni gaban oga.

Oga mutumin kirki ne, ga son gyara. Ya ba ni tsohuwar kujerarsa mai juyawa. Na wuni ina juyi, na tashi jiri yana ɗibata, aikin kuwa yana nan yadda na same shi. Aka mayar da ni benci, sai masu jiran takarda suka kama girgiza tare da ni. Aka shimfiɗa mini tabarma, bayana ya ƙage. Dattijon ya ce shafar aljanu ce, ya karɓo mini rubutu wurin wani malami a Kibiya. Na sha, na yi godiya, ƙafar ta ci gaba da harkarta.

Wata ranar kasuwa ina jiran a yi wa babur ɗina faci, na zauna a kan tubun tayar mota da aka hura. Ya lotsa, ya ɗago ni, ya sake lotsawa. Na manta rabona da natsuwa irin wannan. Nan take na saye shi, na kai ofis na ɗora a kan gajeriyar kujera. Duk motsin ya koma cikin tubun, tebur ya huta.

Saura masu giftawa. Lokacin an ƙaddamar da Shari'a, oga ya sa an kewaye wata kusurwa da koren labule saboda mace ɗaya tilo da muke aiki tare da ita. Ita kuwa ta tsani wurin, wai zafi kamar tanda, ga shi hira ba ta isa can. Ta same ni ta ce:

"Malam, kai gudun mutane kake, ni nemansu nake. Mu yi musanya mana."

Da muka kai wa oga maganar, sai ya sosa ƙeya, ya ce shi dai an ce a sa labule, kuma ga labule nan. Ta koma bakin taga. Ni kuma na koma bayan labulen, na juya teburi ya kalli bango, na cusa auduga a kunne. Ban taɓa aiki da sauri irin na lokacin ba.

Baƙi ne kawai ba su samu labari ba. Wani tsoho daga ƙauye ya tsaya a bakin labule yana ta sallama, yana roƙon Hajiya ta duba masa takardarsa. Da ya ji shiru sai ya leƙa, ya ga ƙato mai gemu yana tsalle a kan tubu yana buga tafireta. Ya saki labulen, ya fita da baya yana salati, ya bar takalminsa ƙafa ɗaya. Ni na bi shi da takalmin har tasha.

Daga ranar, har aka yi mini canjin wurin aiki, Hajiya ake kirana a ofishin, kuma ina amsawa.